Darasi na 7: Gashin Ganye, Ma'ajiyar Ƙamshi da Magani

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Faɗin abin da ake nufi da gashin ganye, da bambanta manyan nau'o'insa biyu.
2. Lissafa sassan gashin mai da aikin kowane sashe.
3. Ambata wasu sinadaran da gashin ke haɗawa, da tsirran da ake samun su a jikinsu.
4. Bayyana dalilin da ya sa ake shanya ganyen ƙamshi a inuwa, a kuma ajiye shi a rufe.
5. Yin lissafin man da za a samu daga ganye, da sanin hattarar da ta kamata wajen amfani da shi.

1. Shimfiɗa

Ganyen na'a-na'a da ke kan karansa, ba wanda ya taɓa shi, ƙamshinsa kaɗan ne. Da an murza shi tsakanin yatsu sai ƙamshi ya tashi, ya kuma daɗe a hannu. Haka ɗaɗɗoya take, haka tazargade. Manomin tumatir ma ya san cewa in ya yini yana ratsa kunya, zai fito da hannu kore-kore mai wani wari na daban, ko da bai tsinki ɗa ko ɗaya ba.

Dalilin duk wannan ɗaya ne. A irin waɗannan tsirrai, ƙamshin yana ajiye ne a waje, cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke zaune a kan fatar ganyen. Taɓawa ce ke fasa su. Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ya sa wani busasshen ganye ke riƙe ƙamshinsa har shekara ta zagayo, wani kuwa ya zama lami tun kafin a kai shi kasuwa.

2. Mene ne gashin ganye?

Jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai. Layin ƙwayoyin da ke can waje, wanda ya rufe ganye sama da ƙasa, shi ake kira fatar ganye. A kan fatar kuma akwai wani siririn lulluɓi na kaki, wanda ke hana ruwan cikin ganyen tsiyayewa zuwa iska.

Wasu ƙwayoyin fatar sukan tsiro waje, su yi tsini ko su yi kai. Su ne gashin ganye, wanda masana tsirrai ke kira turaikom. Ba a ganye kaɗai yake fitowa ba. Ana samun sa a kara, da fure, da 'ya'ya, har da iri. Zaren auduga ma gashi ne irin wannan: kowane sili ƙwayar halitta ɗaya ce tak, da ta tsiro daga fatar gurya ta yi tsawo.

Mutane ba su san yadda wannan gashi yake ba sai da aka ƙera na'urar hangen ƙananan abubuwa, wato maikuroskof. A shekarar 1665 wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya buga littafin zanen abubuwan da ya gani a na'urarsa, ciki har da gashin wani ganye mai harbin fata. Daga baya aka raba gashin ganye gida biyu: gashin kariya da gashin mai.

> AKWATIN KALMOMI NA 1
> Ƙwayar halitta: mafi ƙanƙantar sashe mai rai da aka gina jikin tsiro ko dabba da shi.
> Fatar ganye: layin ƙwayoyin halitta da ya rufe ganye ta waje.
> Lulluɓin kaki: siririn rufi da ke kan fatar ganye, mai hana ruwa fita.
> Gashin ganye: tsiro ƙarami da ke fitowa daga fatar ganye, ko kara, ko fure, ko iri.

3. Gashin kariya

Wannan shi ne wanda ido ke iya gani, hannu kuma ke ji. Ba ya haɗa wani mai. Wani ƙwaya ɗaya ne mai tsini, wani jerin ƙwayoyi ne, wani ya yi rassa. Yana yi wa tsiro aiki uku.

Na farko, yana rage zafin rana. Ku dubi sabon ganyen tumfafiya, za ku ga farin laushi a kansa. Farin nan yana mayar da wani kaso na hasken rana, ganyen bai cika ɗaukar zafi ba.

Na biyu, yana rage asarar ruwa. Iska takan lafa a tsakanin gashin, saboda haka busasshiyar iska ba ta kwashe laimar ganyen da sauri. Shi ya sa tsirrai da yawa na wurare masu fari suke da gashi mai kauri.

Na uku, yana tare ƙwari. Ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ruwan ganye yana shan wahalar tafiya da yin ƙwai a kan ganye mai gashi. Masu binciken noman auduga sun daɗe da lura cewa iri mai gashi a ganye ya fi jure wa wasu ƙananan ƙwari masu tsotsa. Ƙaiƙayin da mai tsinkar kuɓewa ke ji a hannu ma, gashin jikin tsiron na da hannu a ciki.

4. Yadda aka gina gashin mai

Gashin mai shi ne zuciyar wannan darasi. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na manyan tsirran duniya suna da shi. Inda aka fi nazarinsa shi ne dangin na'a-na'a, wanda ake kira Lamiaceae, mai ɗauke da tsirrai kimanin iri 7,000. Ɗaɗɗoya na cikin wannan dangi. Ana gane su da alamu uku: karansu yana da kusurwa huɗu, ganyensu na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma yawancinsu suna da ƙamshi in an murza.

A ganyen wannan dangi akwai gashin mai iri biyu.

(a) Mai faffaɗan kai. Shi ne babbar ma'ajiyar man ƙamshi. Gajere ne, yakan zauna cikin ɗan lotsi a kan fatar ganye, faɗinsa kuma bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba. Yana da sassa huɗu:

- *Gindi:* ƙwaya ɗaya da ta kafu a cikin fatar ganye.
- *Wuya:* gajeriyar ƙwaya ɗaya. Ta nan abinci ke hawa daga cikin ganye zuwa kai. Gefenta a toshe yake, don kada man da aka haɗa ya koma cikin ganyen.
- *Kai:* ƙwayoyi da suka jeru a zagaye. Su ne ke haɗa man. A na'a-na'ar da masana ke kira Mentha piperita ƙwayoyin takwas ne. A ɗaɗɗoyar da ake kira Ocimum basilicum huɗu ne.
- *Jakar mai:* wurin da man ke taruwa a saman kai.

Ga yadda jakar ke samuwa. Idan ƙwayoyin kai suka fara fitar da mai, sai lulluɓin kakin da ke samansu ya ɗaga, man ya taru a ƙarƙashinsa. Abin ya yi kama da bororon da ke tashi a hannu bayan ƙuna: fata ta ɗaga, ruwa ya taru a ciki, ɗan gogawa kaɗan kuma sai ya fashe.

Ƙwayoyin kan gashin na'a-na'a ba su da koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi. Sukari ne ke zuwa musu daga cikin ganyen, su kuma su juya shi mataki-mataki har ya zama mai. Ke nan tsiron da bai samu isasshiyar rana ba, ba zai samu abin da zai cika jakunkunansa da shi ba.

(b) Mai ƙaramin kai. Wannan ya fi siranta. Kansa ƙwaya ɗaya ne ko biyu, jakarsa kuma ƙarama ce. Man da yake fitarwa kaɗan ne, sau da yawa haɗe da wani abu mai yauƙi ko danƙo.

Abubuwa biyu kuma ya kamata a riƙe. Yawancin man ana haɗa shi ne tun ganye na ƙarami, yana kan buɗewa. Sannan a na'a-na'a, gashin mai ya fi yawa a bayan ganye, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa.

> AKWATIN KALMOMI NA 2
> Gashin kariya: gashin da ba ya haɗa mai; aikinsa tare rana, iska da ƙwari.
> Gashin mai: gashi mai kai, wanda ke haɗa mai, ko danƙo, ko yauƙi, ya ajiye.
> Jakar mai: sararin da ke tsakanin ƙwayoyin kai da lulluɓin kaki, inda mai ke taruwa.

Misali na 1

*Tambaya:* Wani mai sayen ganye ya ɗauki na'a-na'a a kasuwa, ya shinshina, bai ji komai sosai ba. Sai ya goga babban yatsansa a bayan ganyen, ya sake shinshinawa, ƙamshi ya cika masa hanci. Me ya faru?

*Amsa:* Da farko jakunkunan a rufe suke. Gogawar ta yaga lulluɓin kakin, man ya zubo ya bi iska. Ya kuma goga ne a bayan ganye, inda jakunkunan suka fi yawa.

5. Abin da ke cikin jakar

Abin da ke cikin jakar shi ake kira man ƙamshi. Ya bambanta da man gyaɗa ko manja. In aka ɗiga man gyaɗa a takarda, tabonsa na nan daram. In aka ɗiga man na'a-na'a kuwa, bayan wani lokaci sai ya bi iska. Wannan saurin bin iska shi ya sa hanci ke jin sa, shi ne kuma ya sa yake saurin salwanta.

Man ƙamshi haɗi ne na sinadarai masu yawa, amma galibi ɗaya ko biyu ne ke rinjaye. Ga kaɗan daga ciki:

- Mentol: shi ne mafi yawa a man Mentha piperita. Yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a fata da baki, sai mutum ya ji sanyi alhali wurin bai huce ba. Ana sa shi a man goge baki, da alewar tari, da man shafawa na mura. Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman na'a-na'ar da ake tace mentol daga gare ta, musamman a jihar Uttar Pradesh.
- Karfon: shi ke ba na'a-na'ar shayi, Mentha spicata, ƙamshinta mai laushi. Ita ce ake zubawa a shayi a Maroko da sauran ƙasashen Arewacin Afirka. Mentol ɗinta kaɗan ne ƙwarai.
- Yujinol: shi ne ƙamshin kanumfari. Ana samun sa kuma a gashin wasu ire-iren ɗaɗɗoya. Likitocin haƙori na amfani da shi.
- Timol: sinadari ne mai kashe ƙwayoyin cuta, ana sa shi a wasu ruwan kurkure baki.

Akwai abin lura a nan. Ɗaɗɗoya mai manyan ganye, Ocimum gratissimum, tana da irin da yujinol ya rinjaya a manta, tana da irin da timol ya rinjaya. A ido kamanninsu ɗaya, amma abin da ke cikin jakunkunansu daban. Ƙasa, ruwa, rana da lokacin girbi su ma suna canza yawan man. Saboda haka ganye biyu masu suna ɗaya ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Tsiro ba don mu yake haɗa waɗannan sinadarai ba. Makaminsa ne. Ƙwaron da ya taka ganye ko ya cije shi zai fasa jakunkuna, man ya kore shi ko ya hana shi ci. Wasu sinadaran suna hana tsiron naman gwari da ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kan ganye. Da yake sinadaran na iya cutar da ƙwayoyin tsiron kansa, ajiye su a waje cikin jaka rufaffiya shi ne mafi aminci gare shi.

> AKWATIN KALMOMI NA 3
> Man ƙamshi: mai mai saurin bin iska da tsiro ke haɗawa, wanda ke ɗauke da ƙamshinsa.
> Sinadari mai rinjaye: sinadarin da ya fi yawa a cikin man wani tsiro.

6. Tazargaden ƙasar Sin da zazzaɓin cizon sauro

Babban misalin maganin da ya fito daga gashin ganye shi ne atemisinin. Ana samun sa a tsiron Artemisia annua, wani nau'in tazargade da asalinsa yankin Asiya ne. Gashin mansa ya bambanta da na na'a-na'a: ƙwayoyi goma ne da suka jeru biyu-biyu, hawa biyar, da jakar mai a sama.

A shekarar 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya mai suna Tu Youyou, tare da abokan aikinta, sun gwada tsirrai masu yawa. Da suka tace wannan tazargade da zafi, sakamakon bai tsaya a kan abu ɗaya ba. Sai ta duba wani littafin magani na ƙarni na huɗu, na wani masani mai suna Ge Hong, wanda ya ba da shawarar jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba tare da dafawa ba. Ta koma tacewa ba da zafi sosai ba, a 1971 ta samu abin da ya yi aiki, a 1972 kuma aka ware sinadarin shi kaɗai. An ba ta kyautar Nobel a fannin likitanci a 2015.

Ta yaya aka tabbatar cewa a gashin maganin yake? A 1994 wasu masana a Amurka sun gwada wani irin wannan tsiro da ya fito ba shi da gashin mai ko kaɗan. Ba su samu atemisinin a cikinsa ba.

A yau ana noman tsiron a Sin da Biyetnam, da wasu ƙasashen Afirka irin su Kenya da Madagaska, a kai masana'anta a tace. Daga abin da aka tace ake haɗa magungunan da asibitoci ke kira ACT. Sinadarin kaɗan ne a ganye, galibi bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba, kuma yawansa na bambanta daga gona zuwa gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da jiƙon ganyen wajen maganin zazzaɓin ba. Wanda ya sha abin da bai kai ƙima ba, ƙwayar cutar ba za ta mutu duka ba, kuma za ta iya koyon bijire wa maganin. Haka nan, sunan tazargade ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya, ba kowanne ne Artemisia annua ba.

7. Ba kowane ƙamshi ne ke cikin gashi ba

Ku ɗaga ganyen lemo ku kalli rana ta cikinsa, za ku ga 'yan ɗigo-ɗigo masu haske. Waɗannan ramukan mai ne da ke can cikin naman ganyen. Haka ɓawon lemo yake, haka kanumfari. Citta kuwa manta na cikin wasu ƙwayoyi da ke warwatse a cikin saiwarta. Irin waɗannan sai an yaga, ko an daka, ko an matse kafin ƙamshi ya fito sosai, kuma sun fi jure wa ɗauka da ajiya. Ganye mai gashin mai shi ne mai buƙatar lallami.

8. Girbi, shanya da ajiya

Abokan gaban jakar mai uku ne: gogayya, zafi da iska. Duk ƙa'idojin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

1. Lokacin girbi. A yanka da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Ga yawancin dangin na'a-na'a, man ya fi yawa daf da fitar fure ko farkon fitarsa.
2. Ɗauka. A yanka da wuƙa mai kaifi, a zuba a kwando. Kada a danna ganye cikin buhu ko a zauna a kai.
3. Wanki. A ɗauraye a hankali, kada a cuɗa.
4. Shanya. A baza shi ba da kauri ba, a inuwa mai shan iska, ko a ɗaure ƙananan dami a rataye. Zafin wurin kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas.
5. Daka. A bar ganye yadda yake, sai ranar amfani a murmushe. Daka na fasa jakunkunan duka a lokaci ɗaya.
6. Ajiya. A zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da murhu da hasken rana.

Misali na 2

*Tambaya:* Mata biyu sun yanki ɗaɗɗoya a lambu ɗaya, rana ɗaya. Ta farko ta baza tata a tsakar gida cikin rana, ta riƙa juyawa da tsintsiya, da ta bushe ta daka ta ƙulle a leda. Ta biyu ta shanya tata a ƙarƙashin rumfa, ta zuba ganyen a kwalba ba ta daka ba. Ta wa za ta fi ƙamshi bayan wata uku?

*Amsa:* Ta mace ta biyu. A wurin ta farko, tsintsiya ta fasa wasu jakunkuna, rana ta kori man, turmi ya fasa sauran. Ƙamshin da ya cika gidanta ranar daka, man ne ke tafiya.

Misali na 3

*Tambaya:* Me ya sa uwargida ke zuba ɗaɗɗoya a farfesu daf da saukewa, mai shayi kuma ke rufe buta bayan ya sa na'a-na'a?

*Amsa:* Ruwan zafi na fasa jakunkunan nan take, tururi kuma na tafiya da man. In aka daɗe ana tafasawa a buɗe, ƙamshin zai ƙare a iska. Murfi na tare tururin, ya koma ruwa ya ɗiga cikin buta tare da man.

9. Tatsar man ƙamshi da lissafinsa

Masu sana'ar man ƙamshi suna amfani da wannan hali na bin tururi. Ana zuba ganye a tukunya rufaffiya, a tura tururi ta cikinsa. Tururin ya fasa jakunkuna ya ɗauki man, ya bi ta wani bututu da aka kewaye da ruwan sanyi, ya koma ruwa. Da yake man na'a-na'a bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso sama a kwashe.

Misali na 4

*Tambaya:* A ɗauka manomi ya yanki ɗanyen ganye kilo 50. Bayan shanya ya koma kilo 10. A ɗauka kuma man da ke cikin busasshen ganyen kashi 2 ne cikin 100. Giram nawa na mai zai samu?

*Aiki:* Kilo 10 daidai yake da giram 10,000.
Kashi 1 cikin 100 na 10,000 shi ne 100.
Kashi 2 kuwa: 100 × 2 = 200.

*Amsa:* Giram 200, daga ɗanyen ganye kilo 50.

Misali na 5

*Tambaya:* Ƙaramin cokali ɗaya na man na'a-na'a yana da nauyin kimanin giram 4.5. Bisa lissafin da ya gabata, daga ganye nawa ya fito? In ana haɗa kofin shayi da busasshen ganye giram 2, kofi nawa ke nan?

*Aiki:* Giram 2 na mai na fitowa daga ganye giram 100, wato giram 1 daga giram 50.
4.5 × 50 = giram 225 na ganye.
225 ÷ 2 = 112 da rabi.

*Amsa:* Cokali ɗaya na man ya tara abin da ke cikin ganyen kofi fiye da 100.

10. Hattara

Lissafin da ke sama ya nuna cewa tataccen mai abu ne mai ƙarfi ƙwarai. Saboda haka:

- Kada a sha tataccen man ƙamshi, kada kuma a shafa shi tsura a fata. A gauraya kaɗan cikin man shafawa.
- Kada a shafa wa jariri man da ke da mentol ko kafur a hanci ko fuska, domin yana iya taɓa numfashinsa.
- Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin asibiti su tuntuɓi ma'aikacin lafiya kafin shan maganin ganye.
- Mai zazzaɓi ya je a yi masa gwaji. In cizon sauro ne, ya shanye maganin da aka rubuta masa.
- A Nijeriya, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiyar da aka ƙulla don sayarwa.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zo da ganyen na'a-na'a ko ɗaɗɗoya, da na tumatir, da na lemo, da na tumfafiya. Ku kiyayi farin ruwan tumfafiya, kada ya shiga ido. A kowane ganye ku rubuta: akwai gashin da ido ke gani? Yana ƙamshi kafin a taɓa? Bayan shafawa a hankali fa? Bayan yagawa fa? In akwai madubin ƙara girma, ku duba bayan ganyen ɗaɗɗoya a wuri mai haske, ku nemi ɗigo-ɗigo masu ƙyalli.

Taƙaitawa

- Gashin ganye iri biyu ne: na kariya da na mai.
- Gashin mai mai faffaɗan kai yana da gindi, wuya, kai da jaka.
- Man ƙamshi na saurin bin iska, kuma sinadaransa na bambanta ko a tsirrai masu suna ɗaya.
- Atemisinin na fitowa daga gashin Artemisia annua, amma jiƙon ganye ba ya maye gurbin maganin asibiti.
- Gogayya, zafi da iska su ke salwantar da mai. Inuwa, lallami da murfi su ke tsare shi.

Tambayoyin bita

*A. Cike gurbi*

1. Siririn rufin da ke kan fatar ganye shi ake kira __________.
2. Sashen gashin mai da ke haɗa man shi ne __________.
3. Sinadarin da ke sa a ji sanyi a baki shi ne __________.
4. An ba Tu Youyou kyautar Nobel a shekarar __________.

*B. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba?*

5. Zaren auduga wani nau'in gashin tsiro ne.
6. Man ganyen lemo yana cikin gashin da ke kan fatarsa.
7. Duk ɗaɗɗoya sinadarin manta iri ɗaya ne.
8. Daka ganye tun ranar da ya bushe yana ƙara masa daɗewa da ƙamshi.

*C. Amsa a taƙaice*

9. Kawo ayyuka uku na gashin kariya.
10. Faɗi alamu uku da ake gane dangin na'a-na'a da su.
11. Bayyana yadda jakar mai ke samuwa.
12. Wace hujja ce ta nuna cewa atemisinin na cikin gashin ganye?
13. Me ya sa bai dace a dogara da jiƙon tazargade wajen maganin zazzaɓin cizon sauro ba?

*D. Lissafi*

14. A ɗauka kana da busasshen ganye kilo 6, man cikinsa kuma kashi 1.5 ne cikin 100. Giram nawa na mai za ka samu?

*E. Tattaunawa*

15. Yaya ake shanya ganyen ƙamshi da ajiye shi a garinku? Wane mataki ne ya dace da abin da kuka koya a wannan darasi, wanne ne kuma ke buƙatar gyara?